Saƙo ga 'yan'uwa mazauna Turai: maganar takardu, ƙuri'a da yaran da ke son tahowa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, Alhazai da Hajiyoyi da ke Jamus, Ingila, Italiya, Faransa, Beljiyam da sauran ƙasashen Turai, kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu yana gaishe ku, da fatan kuna lafiya ku da iyali. Allah ya ƙara rufa mana asiri.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne yadda zaurenmu na WhatsApp ya rikice. Yau a turo bidiyon ɗan siyasa yana kumfar baki a kan baƙi, gobe saƙon murya cewa za a kwashe kowa a mayar gida, jibi wani ya ƙaryata. Hankalin iyayenmu mata ya tashi, har na gida sun fara bugo waya suna tambaya. Gaskiya ne maganar baƙi da Musulunci ta mamaye siyasar Turai, amma a ganin kwamiti mun fi ba surutun muhimmanci a kan dokokin da yake haifarwa, alhali dokokin ne ke shigo mana har ɗaka.

Ku dubi Jamus. Ranar 27 ga Yuni 2024 sabuwar dokar zama ɗan ƙasa ta fara aiki. Ta rage jira daga shekara 8 zuwa 5, ta kuma yarda mutum ya riƙe fasfonsa na gida tare da na Jamus, dama rashin wannan damar ne ya daɗe yana hana dattawanmu nema. Har wata gajeriyar hanya ta shekara 3 aka buɗe wa wanda ya goge a Jamusanci kuma ya yi fice a aiki ko karatu. Sai aka yi zaɓen 23 ga Fabrairu 2025, jam'iyyar AfD mai adawa da shigowar baƙi ta zo ta biyu da kashi 20.8 cikin 100, Friedrich Merz na jam'iyyar CDU ya hau kujerar shugaban gwamnati a watan Mayu, kuma a watan Oktoba majalisa ta toshe hanyar shekara 3 ɗin. Ko shekara biyu ba ta yi a buɗe ba. An bar ta shekara 5 da fasfo biyu, amma wa ya yi mana alkawarin za ta dawwama? Muna da 'yan'uwa da suka haura shekara goma a Hamburg da Frankfurt, suna aiki suna biyan haraji, jarrabawar harshe ta matakin B1, wato matsakaicin matakin iya Jamusanci, kawai ta tsaya musu, su kuma kullum sai "in Allah ya kai mu baɗi". Yaya, baɗin nan ta yi. Tun ran gini ran zane.

Na Italiya ya fi ciwo. Ranakun 8 da 9 ga Yuni 2025 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan a rage shekarun neman zama ɗan ƙasa daga 10 zuwa 5. Mafi yawan waɗanda suka jefa ƙuri'a sun ce a rage. Sai dai ƙa'ida ita ce sai fiye da rabin masu rajista sun fito kafin a karɓi sakamakon, kuma kusan kashi 30 kawai suka fito. Firaminista Giorgia Meloni da kanta ta je rumfar zaɓe ta ƙi karɓar takardar, don kada a lissafa da ita. Da zaman gida aka kashe maganar. Wanda duk ke da fasfon Italiya a cikinmu kuma bai fita ranar ba, ya sani ƙaninsa ne da ke aikin gona ko masana'anta zai ƙara shekara biyar yana bin layin sabunta takarda.

A nan ne muke so 'yan Ingila su buɗe kunne, don da yawa ba su san abin da ke hannunsu ba. Ɗan Najeriya, Gana ko Kamaru da ke da izinin zama a Birtaniya yana da ikon jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar dokoki da na ƙananan hukumomi ba tare da ya zama ɗan ƙasa ba, saboda ƙasashenmu suna cikin ƙungiyar Commonwealth. Rajista ta intanet ake yi, fasfonka na gida kuma ya isa shaida a rumfar zaɓe. Kada wani ya ce ƙuri'a ɗaya me za ta yi: a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Runcorn da Helsby a watan Mayun 2025, jam'iyyar Reform ta Nigel Farage da ratar ƙuri'a 6 ta karɓe kujerar. A Ireland duk mazaunin ƙasa yana zaɓen ƙananan hukumomi ko daga ina ya fito, a Holan da Beljiyam kuma sai bayan zaman shekara 5, na Beljiyam sai ka je ka yi rajista da kanka. Ƙungiya ba ta da jam'iyya kuma ba za ta ce wa kowa ga wanda zai zaɓa ba. Fita dai muke roƙo.

Har yanzu a Birtaniya, tun Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, a watan Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi su ma, sannan a watan Mayun 2025 gwamnati ta bayyana shirin ɗaga jiran takardar zama ta dindindin daga shekara 5 zuwa 10. Ranar 22 ga Yuli 2025 kuwa aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Don Allah a isar da wannan gida: wanda ya ce wa ƙanwarka ta sayar da fili ta biya shi don ya samo mata takardar aikin kula da tsofaffi a Ingila, kuɗinta zai ci.

Maganar addini da al'ada ita ce ta fi zafi a zaure, kuma da dalili. Faransa ta hana alamomin addini da suka fito fili a makarantun gwamnati tun 2004, ta ƙara da abaya a watan Satumban 2023. A Beljiyam, yankunan Flanders da Wallonia sun hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba tun 2019, Musulmi da Yahudawa suka kai ƙara tare har kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai, aka yanke musu hukunci a Fabrairun 2024 cewa haramcin yana nan. Amma kada mu yi wa Turai kuɗin goro. Denmark ta yi doka a Disamban 2023 da ta hana wulaƙanta littattafai masu tsarki bayan ƙone-ƙonen Alƙur'ani, kuma lokacin da 'yan tarzoma suka far wa masallacin garin Southport na Ingila a 2024, maƙwabta ne suka fito da safe suka taya gyaran katanga. Matasanmu da aka haifa a nan su ne wannan muhawara ta fi ƙona wa rai, domin ana tambayarsu ko su 'yan ƙasa ne a ƙasar da ba su san wata ba. Iyaye a riƙa sauraronsu, a kuma riƙa halartar taron iyayen yara a makaranta ko da harshen bai gama nuna ba.

Sai siyasar waje, inda ta ratsa ta ƙofar gidanmu. Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da Tunisiya a 2023, da Muritaniya da Masar a 2024, tana ba da kuɗi don a tare mutane tun kafin su ga teku. Nijar kuwa a Nuwamban 2023 ta soke dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, motocin Agadas suka koma hanya a fili, sai yaranmu suka ɗauka ƙofa ta buɗe. Farkon hanyar ne kawai ya buɗe. Aljeriya na ci gaba da zubar da mutane a hamada kusa da garin Assamaka na Nijar da ke bakin iyaka, a Libiya ana tsare su ana neman kuɗin fansa, wanda ya tsallake Bahar Rum kuma zai tarar da sabon tsarin neman mafaka da Tarayyar ta amince da shi a 2024, aka tsayar da Yunin 2026 don fara aiki da shi. A tsarin, za a tantance mutum a bakin iyaka cikin kwana 7, a ɗauki zanen yatsu har na yaro ɗan shekara 6, wanda kuma ya fito daga ƙasar da bai kai kashi 20 cikin 100 na 'ya'yanta masu neman mafaka ke dacewa ba, a yanke masa hukunci cikin mako 12 ba tare da ya shiga gari ba. Mu da muke tura hotunan Sallah cikin shadda a gaban motar da ba tamu ba, muna da hannu a abin da ke jan yaran nan. In ɗan yayarka ya kira yana neman kuɗin hanya, ka ba shi labarin duka, har da na shekarun da ka yi kana kwana a ɗakin wani.

Kwamiti yana neman 'yan'uwa a kowace ƙasa da za su ba da lokacinsu wajen taya dattawa shirin jarrabawar harshe da cike takardu, musamman 'ya'yanmu da suka yi karatu a nan. Mai niyya ya sanar da wakilin ƙasarsa kafin taro na gaba. Wanda takardarsa ke da matsala ya tuntuɓi wakili a keɓe, za a haɗa shi da lauya mai rajista, kuma maganar ba za ta fita ba. Daga yau duk labarin canjin doka da za a turo zaure a haɗo shi da shafin hukumar da ta fitar da shi, in babu, masu kula da zaure za su goge.

Allah ya kare mu da zuriyarmu a inda muke, ya zaunar da gida lafiya.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa