Tsara lokaci a ranakun biki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Abin da ke dagula wa iyalai ranakun biki shi ne tara ayyuka sai jajibiri.

Da saura sati 3 a zauna a rubuta ayyukan, kowanne da sunan mai yinsa, don aikin da aka ce na kowa ne shi ake wayar gari ba a taɓa ba. Sayayyar abin da ba ya lalacewa a gama ta da saura kwana 10, kafin kasuwa ta cika. Ɗanyen kaya kaɗai za a bari sai saura kwana 2.

Ziyara ce ta fi cin lokaci. Gida 3 a wuni ya isa. A haɗa na unguwa ɗaya, a fara da dattawa da hantsi kafin su gaji, a ƙara rabin awa kan kowace tafiya saboda cunkoso. A buga waya tukuna, kada a sha hanya a tarar da ƙofa a kulle. Yara ƙanana kuwa, in aka hana su barcin rana, rigimar yamma ba makawa.

Mai girki ma a samo mata mai karɓarta bayan azahar, ita ma ta samu ta zauna da baƙi.

Naku,
Wani mai karatu