Wasiƙa daga Boston zuwa Aboabo, Kumasi

Zuwa ga mahaifina Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida, Yaya ya isar mini da saƙonku cewa in aiko da maganin da muke haɗawa a nan saboda kullutun da ya fito wa Goggo a mama. Baba, ba magani muke haɗawa ba, kuma gara in bayyana muku aikin yadda yake, don kada a zauna jiran abin da ba zai zo ba.

Bincikenmu a kan yadda ƙarin sankara yake samun jini ne. Ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 matuƙar bai samu jijiyoyin jini nasa ba, domin abinci da iskar oksijin ba sa ratsa nama su yi nisa. Judah Folkman, wani likitan tiyata a asibitin yara na nan Boston, shi ya fito da wannan magana a 1971, ya ce in an hana ƙari jijiya an hana shi girma, amma an daɗe ba a ɗauki zancen nasa da muhimmanci ba. A 1989 ne wani masanin kimiyya, Napoleone Ferrara, ya tace sinadarin da ake kira VEGF. Idan iska ta yi wa ƙari ƙaranci sai ya riƙa fitar da shi, ya je ya taɓa ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin da ke kusa, su kuwa su fara hayayyafa suna toho zuwa wajensa.

Wannan tohon shi nake kallo kullum a ɗakin gwaje-gwaje. Ƙwayoyin jijiyar da muke aiki da su daga igiyar cibiyar jarirai ake samo su, da yardar iyayensu mata. Muna rainon su a cikin 'yan kwalaben roba masu faɗi, cikin wani jan ruwa mai abinci, a akwatin da ke riƙe zafi a digiri 37 kamar jikin mutum. Idan ruwan ya fara komawa rawaya, mun san lokacin sauya shi ya yi. A gefe guda kuma muna rainon ƙwayoyin sankara, mu ɗebi ruwan da suka kwana a ciki, mu zuba wa ƙwayoyin jijiyar. Cikin 'yan sa'o'i, in ka leƙa ta madubin ƙara girma, za ka ga waɗanda suke warwatse da safe sun miƙe, sun kama juna, sun saƙa raga. Idan muka sa abin da ke ɗaure VEGF, ragar sai ta fito a yayyage. Ɗaukar hotunan nan da ƙirga mahaɗar ragar su ne yawancin aikina, kuma aiki ne na haƙuri.

Jijiyoyin da ƙari yake jawowa ba su da tsari. Sun yi kama da bututun famfon da ake ja cikin dare a sabuwar unguwa, a karkace, suna yoyo ta ko'ina. Shi ya sa magani ba ya isa cikin ƙarin sosai, kuma ta nan ƙwayoyin cutar kan samu hanyar bazuwa zuwa huhu ko hanta.

Gaskiya ne an samu magani daga irin wannan bincike. Sunansa Avastin, aikinsa ɗaure VEGF ne, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004 don sankarar hanji. Sai dai ta ƙarin ruwa ake ba da shi a asibiti, tare da wasu magunguna, yana hawar da jini, yana hana rauni saurin warkewa, kuma galibi watanni yake ƙara wa mara lafiya, domin ƙari yakan koma ga wasu sinadaran idan aka toshe masa VEGF. A 2011 hukumar ta janye amincewarta da shi a kan sankarar mama, wato ainihin abin da kuke tsoro game da Goggo. Ko da ina da ikon aiko shi, a ganina ba zan yi mata alheri ba.

Roƙona shi ne a kai ta Gee, asibitin Komfo Anokye, a cikin makon nan, tunda suna da sashen masu sankara. Ba kowane kullutu ne sankara ba, kuma ba mai iya tantancewa sai an ɗebi ɗan nama an duba. Kafin nan, don Allah kada a bari wanzami ya tsaga wurin, kada kuma a shafa masa komai. Na san Goggo da kunya, saboda haka Inna ta raka ta, Yaya kuma ya riƙe takardun. Zan turo kuɗin mota da na gwaji ta wayar Yaya, shi kuma ya ɗauki hoton sakamakon ya aiko mini da zarar ya fito.

A gaishe mini da Goggo da jiki, Allah ya ba ta lafiya. A gaida Inna da ƙannena da mutanen masallaci.

Wassalam,
Ɗanku