Kada a buɗe mana mashaya a tsakiyar gidajen aure

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in kai kukan mutanen layinmu da ke Kakuri, a kudancin garin Kaduna, tun abin yana hannun dattawa, kafin ya koma hannun 'yan sanda.

Wani yaro da aka haifa a gabanmu ya gaji gidan mahaifinsa, ya kuma yanke shawarar mayar da ɗakuna biyu na gaba da tsakar gidan su zama mashaya. Ba jita-jita ba ce. Da idona na ga an sauke kujerun roba, da firji biyu, da janareto, da manyan lasifikoki waɗanda sai da ƙarti biyu suka kama kowace ɗaya. An riga an fasa katanga an yi ƙofa ta fuskanci layi. Ya ce wai za a riƙa gasa kifi, a sa ƙwallo a talabijin, a buɗe kafin Kirsimeti.

Layin namu gidaje goma sha huɗu ne, kuma idan Keke Napep biyu suka haɗu sai ɗaya ya ja da baya. Famfon burtsatsen da yaranmu ke ɗiban ruwa da yamma yana daf da sabuwar ƙofar. Bangon da za a jingina lasifika kuwa, a bayansa wata gwauruwa ke kwana da jikokinta uku, ga ta da hawan jini. Muna da ma'aikaciyar jinya mai aikin kwana, muna da direbobin da ke fita tun kafin kiran assalatu. Ina waɗannan za su sa kansu idan kiɗa ya kai ƙarfe biyu na dare? Sannan duk wanda ya taɓa zama kusa da irin wurin nan ya san inda masu shan giya ke zuwa idan mara ta cika: jikin katangar maƙwabci.

Ni Musulmi ne, ban taɓa sa giya a bakina ba, kuma na san hukuncinta a addinina. Amma ba da wannan hujjar na zo ba, don Kakuri ba jiya ta san giya ba. Na shigo unguwar nan a 1979 na kama aiki a masaƙar KTL, na yi ta har aka rufe ta a 2002. Duk tsawon shekarun nan kamfanin giya yana nan a Kakuri, motocinsa na wuce mu a titi. Abokan aikina da yawa, mutanen kirki da muka ci tuwo a kwano ɗaya, idan an biya albashi sukan je su sha abinsu, mu kuma mu nufi mai shayi. A ƙarshen layin nan ma an taɓa yin wata tsohuwa mai dafa burkutu. Da dawarta da tukwanenta, masu sha su zauna a benci da ƙwarya a hannu, kafin isha'i kowa ya watse. Ba ta da janareto, ba ta da lasifika, kuma idan yaro ya leƙa da muciya take korarsa. Ba ina yabon sana'ar ba ne, sai dai ban taɓa rasa barci saboda ita ba.

Abin da ake shirin kawo mana yanzu daban ne. Baƙi ne za su riƙa zuwa daga wasu unguwanni da motoci da babura, ba su san kowa ba, ba kuma wanda za su ji kunyarsa. Ga masu tallan giyar leda da ke bin irin wuraren nan kamar ƙuda, wadda araharta ta sa ɗan makaranta ma yana iya saye da kuɗin tara. Ai saboda haka ne hukumar NAFDAC ta sanar da hana ta a farkon 2024, amma wa zai ce ya daina ganinta a kan tebur?

Wanda ya fara ƙwanƙwasa mini ƙofa a kan maganar nan ba limaminmu ba ne. Maƙwabcina ne, dattijo a cocinsu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mai 'yan mata huɗu a gida. Shi ya rubuta takardar koke, ni na zagaya da ita gida-gida, magidanta goma sha ɗaya suka sa hannu, Kirista da Musulmi.

Na faɗi haka ne saboda wasu samari sun fara hura wuta a WhatsApp, wai an zo a ci mutuncin addini, wai a bar su da wurin. Yarana, ku yi wa Allah ku bari. Yawancinku ba a haife ku ba lokacin rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000, mu kuwa mun ɗauki gawa da hannunmu, muka sake ɗauka a 2002. Tun daga lokacin garin nan ya rabe, wasu suka tattara suka koma Rigasa da Tudun Wada, wasu suka nufi Sabon Tasha da Narayi. Layinmu na cikin 'yan tsirarun da har yau ake aika wa juna naman layya da shinkafar Kirsimeti. Ba za mu yarda a ƙona wannan a kan kujerun roba ba.

Shi ma yaron ina tausaya masa. Ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, shekara biyar ke nan yana yawo da takardu. Da masaƙu na aiki kamar da, da tuni yana da abin yi. Na zaunar da shi na ce, ɗana, gidan nan zai yi shagon kayan masarufi da POS, zai yi gidan kallon ƙwallo da lemo a tashi ƙarfe goma. In kuma lallai giyar yake so ya sayar, ga bakin babban titi can inda irin wuraren suke jere, ya ba da hayar gidan ya kama shago. Ya ce mini haya a can ta fi ƙarfinsa, kuma ai gidan ubansa ne. Gaskiya ne gidan ubansa ne, amma uban nasa shekara talatin ya yi a cikinmu ko rediyonsa ba mu taɓa ji ta katanga ba.

Roƙona ga ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu da hukumar KASUPDA mai kula da tsarin gine-gine shi ne, kafin a sa hannu a kan lasisi ko a amince a mayar da gidan kwana wurin kasuwanci, a turo mutum ya taka layin nan da ƙafarsa, ya auna tazarar ƙofar da famfo, ya tambayi masu kwana a bayan bangon. Kada a yanke hukunci daga kan tebur a ofis.

Mai unguwa ya kira zama ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidansa, an kuma aika wa kawun yaron da ke Kafanchan ya zo. Takardar kokenmu na hannuna, duk jami'in da ke son gani zan kai masa har ofis.

Naka,
Tsohon ma'aikacin masaƙa,
Kakuri, Kaduna.