Fentin da ruwa ba ya zama a kansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum ina goge ƙarfen gado da mariƙin ƙofa, ƙwayoyin cuta kuwa ba sa jin gajiya. Shi ya sa batun wani fenti mai korar ruwa, wanda zai iya hana ƙwayoyin cuta wurin zama, ya tsaya mini a rai.

Daga ganyen lotus, wani tsiron ruwa mai kama da bado, aka ɗauko dabarar. Wilhelm Barthlott, masanin tsirrai na Jamus, da abokin aikinsa sun bayyana sirrin a 1997: ganyen cike yake da ƙananan tsiguna masu kakin da ido ba ya gani. Iska na maƙalewa a tsakaninsu, sai ɗigon ruwa ya dunƙule ya gangare da datti. Inda babu danshi, bakteriya na shan wuyar kafa sansani. A 2012 kuma, masana a Ostareliya suka gano irin wannan ƙaramin tsini a fiffiken sikada, wani ƙwaro mai yawan ƙara, na farke fatar bakteriya, ba da magani ba!

Damuwata ɗaya ce: ƙarko. Tsigunan nan ba su jure gurza, mu kuwa da tsumma da bilic muke aiki. Kafin a shafa fentin a asibiti, a gwada shi a hannun masu goge-goge tukuna.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya