Uwata, ki fara cire naki naman

Tawa, daren Alhamis.

Uwata, assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida maigidanki da ƴan jikokina. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara leƙowa.

Mahaifiyarki ta dawo shekaranjiya. Motar ta iso bayan isha'i, ko ɗaurin kayanta ba ta kwance ba ta zaunar da ni. Ta ce kin yi kyau, kin sauke kilo 22 cikin wata huɗu, an rage miki maganin sukari, yau kina zaman tahiya a ƙasa ba sai da kujera ba. Na yi hamdala. Sai ta rage murya, ta ce ta ga matajinki cike da gashi, ta ga kina tsayawa hutu kafin ki gama dakan yaji, kuma kwana tara da ta yi a gidanki ba ta ga abin da ya shiga bakinki ba sai kunu, romo, da biskit a shayi. Shi ya sa na ɗauko takarda. In a waya ne za ki ce "to Baba", ki yi dariya, ki miƙa wa yara su gaishe ni.

Kin san ban so tafiyar nan ta Tunis don aikin rage tumbi ba. Na ce a yanka mutum lafiyarsa lau don ƙiba, ban taɓa ji ba. Ke kika fi ni gaskiya, don ba lafiyarki lau ba, gwiwa da sukari da hawan jini sun taru sun yi miki taron dangi. An yi aikin, Allah ya sa an tashi lafiya, wannan magana ta wuce.

Ni ba likitan mutane ba ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina bin shanu da allura tsakanin Abalak, Cintabaraden da Kaita, kuma da idon nan nake kallon labarinki, ki yi haƙuri da misalin. A farin 1984 ina saurayin ma'aikaci na ga abin da har yau yake dawo mini. Saniya ta cika cikinta tam da busasshen kara da tattaka, har kwali da tsumma suna ci, ciki ya yi tulu, amma tana mutuwa a tsaye. Tozo ne ke fara faɗuwa, wannan ajiya ce, don irin ranar aka yi shi. Bayan tozo sai cinya ta zube, baya ya rame, gashi ya yi burɗin-burɗin, rannan da safe ta kasa tashi sai an sa mata itace a ƙarƙashi an ɗaga. Waɗanda masu su suka samu ɗan angurya ko harawar wake suka riƙa ba su, ko da tafin hannu biyu a yini, da yawansu sun ga damina. Ba su fi sauran cika ciki ba. Abin da ke cikin anguryar ne, abin da ke gina tsoka, wanda likitoci ke kira furotin.

Jiki ba ya da rumbun furotin yadda yake da rumbun kitse. Kullum yana buƙatarsa don ɗinke rauni, yin jini, tsiro da gashi, da faɗa da cuta. In bai samu a abinci ba sai ya juya ya ci tsokar mai shi. Sikeli kuwa ba ya tambaya, kilo ɗaya na teɓa da kilo ɗaya na tsoka duk ɗaya yake nunawa, ke kina murna. Tozo muka je Tunis a sauke, Uwata, ba cinya ba. Zuciya ma tsoka ce.

A takardar da suka ba ki, wadda ƙanenki ya karanta mini, sun cire wajen kashi uku cikin huɗu na tumbinki, ko ma fiye, abin da ya rage siriri ne kamar ayaba. A farko bai fi ya ɗauki finjalin shayi biyu ba. Mai irin wannan ɗaki ba ya barin kowane baƙo ya shigo. In kunu ya riga shiga ya shimfiɗa tabarma, kifi ya zo ya tarar babu wuri. To dokar ɗaya ce, kuma ita ce dalilin wasiƙar nan: duk sa'ad da kika zauna cin abinci, ki fara da mai gina jiki. Ƙwai, kifi, nama, wake, nono. In wuri ya rage, ganye. In har yanzu ya rage, lomar tuwo ɗaya don marmari. Ba akasin haka ba, ko da yake akasin haka muka rene ki.

Likitocin wannan aiki suna cewa kada a gaza giram 60 na furotin a yini, da yawansu suna cewa a kai giram 80. Na san ba ki da ma'auni a madafa, kuma giram na furotin ba giram na abinci ba ne, nan mutane ke ruɗewa. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Kofin madara ko kindirmo na kwata lita, wajen 8. Dafaffen kifi ko tsokar kaza mai girman tafin hannunki, ban da yatsu, wajen 20. Gwangwanin sardin kusan haka, in kin tsiyaye man. Rabin kofin dafaffen wake, wajen 7. Kunun geron da kike sha bai wuce 2 ko 3 a kofi ba. Romo kuwa, wanda kowa ke kawo wa marar lafiya da kyakkyawar niyya, kusan ruwa ne da kitse da gishiri. Mun saba cewa duk amfanin ya tsiyaye cikin romo, ba gaskiya ba ne, amfanin yana nan cikin tsokar da kike tsamewa ki ba yara.

Na zauna da alƙalami na yi miki lissafin yini ɗaya, kamar yadda nake yi wa masu kiwon ragon layya. Ƙwai biyu da safe, ɗaya bayan asuba ɗaya wajen ƙarfe takwas in biyun sun yi miki yawa, kuma kada a dafa su su yi tauri: 12. Da hantsi kindirmo kofi ɗaya, ki dama cokali biyu na garin madara a ciki, ba sukari: wani 12 ɗin. Da rana kifi, ai kogi yana bakin ƙofarku, mu nan sai mun jira na tafkin Tabalak: 20. Da la'asar wake: 7. Kafin barci madara: 8. Sittin ba ɗaya ke nan, ɗan barbaɗin ƙuli-ƙuli a kan zogale ya cike. Kin ga cin sau biyar ko shida ne, ƙanana, kuma da agogo za ki ci, ba da yunwa ba, don ɓangaren da aka cire shi ne ke fitar da mafi yawan sinadarin da ke sa jin yunwa. Ki sa wayarki ta riƙa tuna miki.

Furar nan da ba Ba'adaren da ke yini ba ita, ban ce ki bari ba. Juya ta za ki yi: nono da yawa, fura ɗan gutsure, ba sukari. Sai dai ki san nonon da kike saya. Na kasuwa sau da yawa an tsala masa ruwa, kuma ɗanye ne. Na ga shanu masu tarin fuka da masu ciwon ɓari ana tatsarsu ana kai wa gari, cutukan nan biyu kuwa suna bin madara su kama mutum. Ki tafasa madarar ki kafa kindirmonki da kanki, ko ki sayi yawurt na kamfani marar sukari.

Wake ki jiƙa shi, a surfe ɓawon, a dafa har ya narke, zai rage kumburin ciki. Alala ta fi miki ƙosai, ita turarawa ake yi, shi iyo yake cikin mai. Awara ma haka, a jefa ta cikin miya maimakon suya. Nama a niƙa ko a dafa har ya riƙa rabuwa da cokali, kuma da miya a jikinsa, don busasshen abu shi ke tsayawa a ƙirji. Kowace loma ki tauna ta sau ashirin ko fiye, ki ajiye cokali tsakanin loma da loma. Kilishi, duk da ina alfahari da na ƙasarmu, kuma furotin ɗinsa ba kaɗan ba ne, ki ɗaga masa ƙafa tukuna. Ya yi tauri, ya yi yaji. In kwaɗayi ya matsa, a daka shi lilis a zuba a miya. Tsire da balangu na bakin titi su jira.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Shekara arba'in mahaifiyarki tana zuba abinci a gidan nan. Ta tsame manyan tsokoki ta sa a kwanona, ta raba muku sauran, ita ta zauna da tuwo da miya da ƙashi, in an tambaye ta ta ce ta ɗanɗana a wuta. Ni kuma na ci, ban taɓa leƙa kwanonta ba, ni da na san adadin harawar da kowace tunkiya ke buƙata. Ta gaya mini haka kike yi a gidanki, sak. Tarbiyya ce, mu muka koya miki, kuma a da ba ta kashe ki ba don kina cika ciki da tuwo mai yawa, a cikin yawan ana tsintar ɗan abin da jiki ke so. Yanzu yawan ya tafi. Kafin ki zuba wa kowa, ki cire naki, tafin hannu ɗaya ne kawai, ki rufe ki ajiye. Maigidanki mutumin kirki ne, shi ya sayar da filinsa aka yi aikin nan, ba zai so kuɗin su tafi a kan tsoka ɗaya ba. In kina jin nauyin faɗa masa, ki bar takardar nan inda zai gani.

Haka kuma a gidan biki da suna. Za a turo miki faranti shaƙe da shinkafa da taliya da lemon kwalba, a tsaya a kanki ana "ci mana". Shinkafa da burodi da taliya cunkushewa suke a ƙaramin tumbi, lemo mai gas kuma yana kumbura shi, zaƙinsa na iya sa miki jiri da zufa da bugun zuciya. Ki ce likita ya hana, ki tsinci naman, ki yi godiya. Wadda ta ji haushi ba ita za ta kwana tana amai ba.

Ruwa ki sha lita ɗaya da rabi a yini ko fiye, kurɓi-kurɓi, balle zafin Yamai da ke wuce 40 a watan Afrilu. Amma kada ki haɗa shi da abinci. Ki tsaya rabin sa'a kafin ci, rabin sa'a bayan ci, in ba haka ba ruwan ya cinye wurin. Shayi mai kauri a kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, ke kuwa dama jininki ba ya da yawa. Ƙwayoyin bitamin da aka rubuta miki ba na wata uku ba ne, na zama ne, musamman B12. Garin furotin na farmasi, in likitarki ta ce ki sha, ki sha, sanda ce ta dogarawa a ranar da abinci ya ƙi shiga. In kuɗinsa ya yi yawa ki gaya mini, fansho na nan.

Zubar gashin kada ta firgita ki. Tana zuwa wa mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin daga wata na uku zuwa na shida, kuma yana dawowa, sai dai ƙarancin furotin da na ƙarfe yana tsawaita ta. Abin da ba a jira da shi: amai da ya ƙi tsayawa, kumburin ƙafa, ko ki ji ƙafafu suna mutuwa ko tafiya tana karkacewa. Wannan ranar a tafi asibiti. In kin je awon jini ki faɗa wa likita ainihin abin da kike ci, har biskit ɗin, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki riƙa tafiya da yamma, ki ɗauki ɗan abu mai nauyi in an ba ki izini, tsokar da ba a mora ita jiki ke fara sayarwa.

Azumi in ya zo, ki tambayi likita kafin ki ɗauki niyya. Yini guda ba ruwa, sannan ki ce za ki cusa giram 60 tsakanin magariba da asuba a finjali biyu, lissafin ba ya fita a shekarar farko. Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Baƙara, ya rama a wasu kwanaki. Akwai kuma maganar jiran shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi da likitoci ke so a yi kafin a yi wa Auta ƙane, wannan ba bakina ba ce, mahaifiyarki za ta kira ki.

Ranar Asabar zan sa miki saƙo a motar safe. Akwai cuku na Abalak, ki daka ki jiƙa da ruwan ɗumi kafin ki ci, kada ki gwada shi da haƙori yadda kike yi kina yarinya. Akwai farin wake tiya biyu na gonarmu, da ƙuli-ƙuli da gwaggonki ta matse man sosai. Akwai garin fara a cikin kwalba, an cire ƙafafu da fukafukai kafin a daka, fiye da rabin nauyinta furotin ne, cokali ɗaya a miya ya isa. A hannun wanda na sani na saya, daga inda ba a yi feshi ba. Ki aiki yaro tasha da la'asar, sunan maigidanki ne a jikin kwalin.

Mahaifiyarki ta ce ta mance zanenta mai ruwan toka a kan igiya, a ba direban ya dawo da shi.

Allah ya ƙara sauƙi, ya yi miki albarka.

Babanki.