Rahoton Kwamitin Gyaran Tankin Ruwa na Unguwarmu a Birni, Damagaram

Kwamitin da jama'ar unguwa suka ɗora wa nauyin gyaran tankin ruwan da ke kusa da masallaci yana sanar da kowa cewa aiki ya kammala. An cika tankin, an zuba masa ido har kwana 7, ba a ga ɗigo ko danshi a jikinsa ba.

Da farko akasarinmu mun so a kira magini ya sa siminti kawai ya shafe tsagar da ta bayyana a ginshiƙan kankaren da ke ɗauke da tankin, domin duk wanda ya san wahalar ruwa a garin nan lokacin bazara ba zai so tanki ya kwana fanko ba. Injiniyan da muka gayyato ya roƙi a bari ya auna tukuna, kuma yau muna godiya ga Allah da muka saurare shi.

Ya fara da ƙaramar guduma, yana ƙwanƙwasa ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Inda kankare yake da lafiya sautin yakan fito tas, inda ya rabu daga ciki kuwa sai ka ji kamar an buga fasasshen tulu, nan sai ya zagaye wurin da alli. Daga nan ya ɗauko gudumar Schmidt, wadda wani injiniyan Suwizalan, Ernst Schmidt, ya ƙirƙiro a 1948, mai auna taurin fuskar kankare gwargwadon yadda ƙarfen cikinta ya dawo bayan bugu. Sakamakon ya yi kyau har muka fara murna, sai ya ja kunnenmu cewa iskar kabon da ke ratsa tsohon kankare tana ƙara taurara fuskarsa, ta yadda na'urar za ta iya nuna ƙarfin da babu shi a ciki.

Gwajin da ya warware mana zance shi ne mafi arha. Ya ɓantari gefen ginshiƙi, ya fesa wa sabon ɓarin wani ruwa da ake kira fenolfitalin. Can ciki ya rine ya koma ja mai ruwan hoda, alamar cewa siminti yana nan da kaifinsa mai kare ƙarfe daga tsatsa, amma daga waje har zuwa kan rodi launi bai sauya ba ko kaɗan. Ma'ana garkuwar rodin ta tafi, danshin yoyo ya same shi, tsatsa ta kumbura shi har ta tsaga kankaren daga ciki. Da mun shafe kawai, da cutar muka rufe a bisa kan 'ya'yanmu masu ɗibar ruwa a ƙasa.

Bisa wannan aka sauke ruwan, aka tokare tankin, aka sassaƙe ruɓaɓɓen kankare har bayan rodi, aka goge tsatsa, aka ƙara sabon ƙarfe inda tsohon ya sirance, sannan aka zuba sabon kwaɓi. Matasan unguwa suka yi ta jiƙa buhunan da aka naɗe ginshiƙan da su safe da yamma, kuma ba a cika tankin ba sai da aka cika kwana 28.

Saura tsaga guda a ginshiƙin gabas, wadda aka ɗinke da ɗan farin shafe domin a gane ko tana motsi. Duk wanda ya ga shafen ya tsage, muna roƙonsa ya sanar da kwamiti nan take. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗin da aka tara da wanda aka kashe bayan sallar Juma'a mai zuwa, in sha Allahu.