Jiha ɗaya ta ɗaga Biden daga ƙasa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in tuna wa masu karatu wani abu game da zaɓen fidda gwani na takarar shugaban ƙasa a Amurka, don mutane da yawa suna ɗauka lissafin wakilai ne kawai, wato waɗanda ke zaɓen ɗan takara a babban taron jam'iyya.

A Fabrairun 2020, a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat, Joe Biden ya zo na huɗu a jihar Iowa, na biyar a jihar New Hampshire. Kuɗin kamfe ya ja baya, har an fara yi masa kallon wanda ruwa ya ƙare wa. Sai Jim Clyburn, dattijon ɗan majalisa baƙar fata mai faɗa a ji a Carolina ta Kudu, ya fito ya mara masa baya. Ranar 29 ga wata Biden ya lashe jihar da kusan kashi 48 cikin 100, akasari da ƙuri'un baƙaƙen fata.

Wakilai 54 kacal jihar take da su, cikin kusan 4,000. Amma cikin kwana biyu abokan takararsa Pete Buttigieg da Amy Klobuchar suka janye, suka koma bayansa. Ranar 3 ga Maris ya ci jihohi 10 cikin 14, babban abokin hamayyarsa Bernie Sanders kuwa bai sake farfaɗowa ba.

Abin da ke damuna shi ne, miliyoyin masu zaɓe a jihohin da suka biyo baya sun tarar an riga an gama rabo. Ina ganin hakan tauye musu haƙƙi ne, kuma ya kamata jaridarku ta riƙa bayyana wannan ɓangaren duk lokacin da take kawo labaran zaɓen Amurka.

Naku,
Mai karatu daga Zariya